Ƙarfen Harzhorn da Zurfin da Na'ura Ke Kaiwa

Mutane da yawa suna zaton na'urar gano ƙarfe tana hango abin da ke can cikin ƙasa kamar yadda ake leƙa rijiya. Ba haka abin yake ba. A ƙarshen sandarta akwai faifai mai murɗaɗɗiyar waya, wanda ke tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ya kuma saurari amsar da ƙarfe zai mayar. Ƙarfin yana raguwa a tafiya, yana sake raguwa a dawowa. Idan ƙaramin abu ya yi nisa da faifan, ninka zurfinsa sau biyu kan rage amsar kusan sau 64. Shi ya sa tsabar kuɗi ko ƙusa ba safai ake jin su ba bayan santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Babban abu, kamar tukunyar ƙarfe, yana iya amsawa daga wajen mita guda.

Baƙin ƙarfe yana da tasa matsalar. Tsatsa tana cinye shi, har ya koma dunƙulen jar ƙasa mai raunin amsa. Sannan masu yawon neman tsabar azurfa sukan saita na'urarsu ta yi shiru a kansa, domin gonakin Turai cike suke da tsofaffin ƙusoshi da gutsattsarin garma. Duk da wannan gajeren hannu, na'urar ta gyara wani babi na tarihin Rumawa a wani tudu mai suna Harzhorn, a jihar Niedersachsen ta ƙasar Jamus.

A shekarar 2000 wasu mutum biyu masu sha'awar kayan tarihi suka shiga dajin tudun da na'urorinsu, suka tono wasu ƙarafa da suka ɗauka na zamanin tsakiya ne. Sai a 2008, da aka ga hoton ɗaya daga ciki a intanet, aka gane takalmi ne irin wanda Rumawa ke ɗaura wa dawaki da alfadarai a kofato. Suka kai rahoto ga hukuma, masana suka shiga dajin tare da 'yan sa-kai, wannan karon ba tare da an toshe wa na'ura kunne daga baƙin ƙarfe ba. Abubuwa suka fito dubbai: kawunan kibau da na māsu, tsinin manyan kibau na injin harbi, sassan amalanke, da ɗimbin ƙananan ƙusoshin da ke tafin takalman sojoji.

Me ya sa na'ura ta kai gare su bayan shekara kusan 1,800? Domin ba su nutse ba. Gangaren tudun daji ne da garma ba ta dame shi ba, ƙasar kuwa siririya ce a kan dutsen farar ƙasa, wanda ke rage wa tsatsa kaifi. Yawancin kayan suna kwance dab da saman ƙasa, kusan inda suka faɗi ranar yaƙin. Wannan ya fi zurfi amfani nesa ba kusa ba. An auna mazaunin kowane abu kafin a ɗaga shi, har da inda tsininsa ya fuskanta. Daga nan aka gano wuraren da aka girke injinan harbi, ƙusoshin takalma kuma suka zana hanyar da dakaru suka bi suka hau tudun. Da a ce masu tono sun kwashe su cikin buhu, da sai dai a ce an sami tarin ƙarfe.

Kafin wannan bincike, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa bayan halakar rundunar Varus a shekara ta 9 Miladiyya, da yaƙe-yaƙen ramuwa da suka ƙare a ta 16, Rumawa ba su ƙara kutsawa can ƙuryar ƙasar Jamus da babbar runduna ba. Alhali akwai wani tsohon littafin Latin, Historia Augusta, da ya ce sarki Maksiminus, wanda sojoji suka naɗa a 235 bayan sun kashe Severus Alexander kusa da Mainz, ya shiga ƙasar har mil 300 ko 400. Masu gyaran littafin na baya suka ga adadin ya yi yawa, suka mai da shi 30 ko 40. Ba za a ga laifinsu sosai ba, don littafin ya yi suna wajen ƙari. Amma Harzhorn yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Mainz, kuɗin azurfa mafi sabunta da aka tsinta a can kuwa na shekarar 228 ne. A wani tudu na kusa, Kahlberg, an kuma tono digar soja ta baƙin ƙarfe, a jikinta an karce sunan runduna ta huɗu da haruffan da ke nuni ga Severus Alexander.