Gardamar Aikin Gida a Makarantun Amurka

Aikin gida shi ne darasin da malami ya kan ba yaro bayan an tashi daga makaranta, ya tafi da shi gida ya yi, gobe ya kawo a duba. Mai karatu zai zaci duk duniya an yarda da amfaninsa. Ba haka ba ne. A ƙasar Amurka an fi shekara 100 ana gardama a kansa, tun ba ma game da yaran makarantar midil ba, watau 'yan shekara 11 zuwa 14, waɗanda sun wuce ƙuruciya amma ba su kai samartaka sosai ba.

A ƙarni na 19, yawancin karatun makarantunsu hadda ne. Yaro ya kan kwana yana haddace lissafi da labarin ƙasa da ƙa'idodin nahawu, da safe ya tsaya gaban malami ya biya da ka. Wanda ya kāsa, sai tsawa ko bulala. Ga shi kuwa yawancin iyaye a lokacin manoma ne da ma'aikata, suna bukatar hannun 'ya'yansu da maraice. Saboda haka ƙorafi ya yi ta yawa.

A shekarar 1900 wani editan mujallar matan aure, sunansa Edward Bok, ya rubuta cewa wannan al'ada zalunci ne ga yara, tana hana su barci da wasa, tana kuma raunana lafiyarsu. Shawararsa ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 15 ba aikin gida ko kaɗan. Likitoci da iyaye mata da yawa suka goya masa baya. Ba a daɗe ba, a 1901, sai majalisar jihar Kalifoniya ta yi doka ta hana a tilasta wa 'yan ƙasa da shekara 15 karatu a gida. Dokar nan ta zauna har 1917, sa'an nan aka soke ta. Duk da haka, shekaru masu yawa bayan wannan, malamai da dama sun ci gaba da ganin aikin gida abu ne na zamanin da.

Abin da ya juya al'amarin kuwa daga sama ya zo. Ran 4 ga Oktoba 1957 Rashawa suka harba tauraronsu na ɗan Adam, Sufutnik, ya shiga kewaya duniya tun Amurka ba ta harba nata ba. Hankalin Amurkawa ya tashi ƙwarai. Suka ce lalle yaran Rasha sun fi nasu himma, shi ya sa aka tsere musu. A 1958 gwamnati ta yi dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsuna, malamai kuma suka ƙara wa yara aikin gida. Kafin shekara 15 su wuce sai iyaye suka sāke kukan an matsa wa yara, aka sassauta. A 1983 wani rahoton gwamnati ya ce ilmin ƙasar yana lalacewa, aka sāke ɗaure.

To, mai lura zai ga cewa a duk wannan kai-da-kawo tsoro ne ya ke ja, wani lokaci tsoron ciwo, wani lokaci tsoron abokin gāba. Ba safai a ke tsayawa a auna yaron kansa ba. Wanda ya yi suna wajen wannan awon shi ne wani shehun malami mai suna Harris Cooper. A 1989, da kuma 2006, ya tattara binciken da aka yi a makarantu da yawa ya kwatanta. Ya tarar aikin gida bai cika ƙara wa 'yan firamare kome a jarrabawa ba, yana taimakon manyan 'yan sakandare ƙwarai, 'yan midil kuwa suna tsakiya: yana amfaninsu in bai yi yawa ba, amma in ya zarce awa ɗaya zuwa biyu a dare, ƙarin ba ya haifar da kome sai gajiya. Wannan ya dace da ma'aunin da malamansu da yawa su ke bi, watau minti 10 ga kowane aji: ɗan aji 6 minti 60, ɗan aji 8 minti 80. Har ƙasar Sin ma, a 2021, ta iyakance rubutaccen aikin gida na 'yan ƙaramar sakandare ga minti 90.

Alhasali, tarihin nan yana koya wa uba da malami abu guda. Jakin da ba a taɓa aza wa kaya ba, ran tafiya ba ya kai zango. Wanda kuma aka labta wa abin da ya fi ƙarfinsa, a hanya ya kan durƙushe. A ba ɗan midil aikin da zai iya shi kaɗai, ya gama da wuri, ya taimaki iyayensa, ya kwanta a kan lokaci. Malami kuma ya duba abin da ya bayar, don aikin da ba a duba ba wahala ce kurum. Allah Ya sa mu dace.