Boiogito: maganin gwiwa da doka ta kora daga baya ta maido

Duk wanda ya taɓa gurɗe gwiwa da ƙuruciya ya san ciwon ba ya ƙarewa ranar da kumburi ya saɓe. Bayan shekaru guringuntsin gaɓar yakan zaizaye, har tafiya ta zama wahala. A ƙasar Japon, cikin magungunan da likitoci ke rubuta wa masu kumburin gwiwa akwai wani tsohon haɗi mai suna boiogito.

Asalinsa ƙasar Sin ne, domin yana cikin littafin da ake dangantawa da Zhang Zhongjing, likitan ƙarshen daular Han. Abubuwa shida ake haɗawa: kurangar boi, saiwar ogi, saiwar jutsu, wata saiwa mai zaƙi, citta, da ƴaƴan wani itace ɗan uwan magarya. Ilimin maganin Sin ya shiga Japon ta Koriya, ya kafu har Tamba Yasuyori ya tattara shi cikin littafinsa Ishinpo a shekarar 984. Daga baya aka raɗa masa suna Kampo, wato hanyar Han, don a bambanta shi da maganin da ƴan Holand suka kawo.

Zamanin sarki Meiji ne ya kusa binne shi. Dokar 1874 ta ɗora aikin likita bisa tsarin Jamus, kuma a 1895 majalisa ta ƙi amincewa da roƙon masu Kampo. Ilimin ya tsira ne a hannun ƴan tsirarun likitoci masu takardar zamani, irin su Yumoto Kyushin. A 1976 inshorar lafiya ta ƙasa ta karɓi haɗe-haɗe da dama, yanzu sun kai 148, ana sarrafa su a masana'anta bisa awo ɗaya.

Shigarsa asibiti ta jawo masa gwaji. A 2020 masu bincike na Jami'ar Showa suka bayyana cewa boiogito ya rage zaizayar guringuntsi a ɓerayen da aka raunata wa gwiwa. Sakamakon na ɓeraye ne, bai zama hujjar rigakafi ga ɗan Adam ba. Saiwar nan mai zaƙi kuwa, in ta yi yawa, tana jawo hawan jini.

Sunan boi ma yana da nasa haɗari, domin a Sin tsirrai da dama ke amsa shi. A farkon shekarun 1990, a birnin Burusel na Beljiyam, aka sanya ɗaya daga cikinsu, mai guba, cikin maganin rage ƙiba, ƙodar mata kusan 100 ta lalace. Kundin magungunan Japon ya ƙayyade tsiro guda, Sinomenium acutum, a matsayin boi, kuma shi kaɗai doka ta yarda a zuba cikin boiogito.