Levittown: Gonar Dankalin da Ta Zama Unguwa, da Waɗanda Aka Rufe wa Ƙofa

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka koma gida, da yawansu suka yi aure, amma babu muhalli. Karayar tattalin arziki da shekarun yaƙi sun daɗe da tsayar da gine-gine, har ma'aurata suka riƙa raɓewa a gidajen iyayensu. A wannan hali ne kamfanin Levitt and Sons, na Abraham Levitt da 'ya'yansa William da Alfred, ya sayi gonakin dankali a tsibirin Long Island, gabas da birnin New York. Tsakanin 1947 da 1951 ya gina gidaje 17,447 a wurin, aka kira unguwar Levittown.

Gidan farko ƙarami ne, faɗinsa kimanin murabba'in mita 70: ɗakunan kwana biyu, falo, kicin da banɗaki, sai wani fili a ƙarƙashin rufi da mai gida zai iya mayarwa ɗaki idan iyali sun ƙaru. Asirin arahar yana cikin tsarin aikin. An kasa ginin gida zuwa matakai 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da nata aiki guda. Masu zuba daɓen kankare su gama su wuce gaba, kafintoci su biyo, masu fenti su rufa musu baya. A lokacin da aiki ya fi zafi ana kammala gidaje kusan 30 a rana.

Da farko haya ake bayarwa, dala 60 a wata. Daga 1949 aka riƙa sayar da sabon samfuri a kan dala 7,990. Gwamnatin tarayya ce ta sa hakan ya yiwu: hukumar gidaje ta FHA, wadda aka kafa a 1934, da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, sun tsaya wa masu saye a banki, suka samu bashi na dogon zango ba tare da ajiye wani kuɗi mai yawa ba. Unguwar ta zo da makarantu, filayen wasa da wuraren iyo, ta kuma zo da dokoki: ba a kafa shinge tsakanin gidaje, kuma dole a yanke ciyawar ƙofar gida duk mako.

Akwai wata doka da ta fi waɗannan nauyi. Takardar yarjejeniyar ta haramta wa duk wanda ba farar fata ba zama a gidan, sai dai in ɗan aiki ne. Baƙar fatar da ya yi yaƙi ƙarƙashin tuta ɗaya da maƙwabcinsa bai da damar saye. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba. Aka cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. A Agustan 1957, lokacin da William da Daisy Myers suka sayi gida daga hannun wani mai gida a Levittown ta jihar Pennsylvania, gungun mutane suka yi ta taruwa a ƙofarsu, har da jifa. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya wajen sayar da gida.

Kafin nan an riga an raba gado. Gidan da aka saya ƙasa da dala 8,000 yau kuɗinsa ya kai dubban ɗaruruwan daloli. Da shi iyalai suka ci bashin karatun 'ya'ya, shi kuma suka bar wa jikoki. Iyalan da aka hana shiga sun ci gaba da biyan haya, kuma masana tarihi na lissafa wannan cikin manyan dalilan tazarar dukiya da ke tsakanin farare da baƙaƙen Amurka har yau.