Tsakanin Kwamfuta Da Akwatin Gem, Wanne Ya Fi Cin Kuɗi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a karkarar Funtuwa. Ya ce ɗansa ya matsa masa lamba sai ya saya masa abin buga gem da zarar amfanin gona ya zo gida. Abokan yaron sun rabu biyu, wasu na cewa a sayi kwamfuta, wasu na cewa a sayi akwatin nan da ake haɗawa da talabijin irin su PlayStation. Shi ne yake son mu ba shi tarihin abubuwan nan biyu, wanne ya riga wani, wanne ya fi tsada, kuma wanne ne in ya tsufa za a iya ƙara masa ƙarfi ba sai an yar da shi ba.

To Malam, madalla da wannan tambaya, kuma ka kyauta da ka tambaya tun ba ka kwance bakin buhu ba. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Kwamfuta ita ce babba. A shekarar 1962 wani mai suna Steve Russell tare da abokansa a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka suka shirya wani wasa na jiragen sama jannati biyu masu harbin juna, suka sa masa suna Spacewar. Kwamfutar da suka yi shi a kanta, PDP-1, kuɗinta wajen dala 120,000 ne a wancan zamani. Ka ga ke nan ba kayan gidan talaka ba ne, sai jami'a ko babban kamfani.

Wanda ya kawo wasan cikin gidajen mutane shi ne Ralph Baer, injiniya haifaffen Jamus, wanda iyalinsu suka gudu zuwa Amurka a 1938 saboda zaluncin 'yan Nazi. Shi tunaninsa shi ne, ga talabijin nan birjik a gidaje, me zai hana a ƙera ɗan akwati mai araha da za a jona mata? Ya fara aikin a 1966, a 1972 kamfanin Magnavox ya fito da akwatin kasuwa da sunan Odyssey a kan dala 100. Ba ya ko fitar da sauti, launi kuwa sai an manna wata leda a fuskar talabijin. Amma dai an buɗe hanya. A 1976 kamfanin Fairchild ya fito da akwati mai kaset, in ka gaji da wannan wasa ka zare ka soka wani, kuma wanda ya jagoranci aikin wani injiniya ne baƙar fata, Jerry Lawson.

Shekarar da za ka riƙe a ranka ita ce 1977, domin a nan ne hanya ta rabu biyu. A shekarar kamfanin Atari ya fito da akwatinsa da aka fi sani da 2600 a kan dala 199. A shekarar kuma kamfanin Apple ya fito da kwamfutar gida Apple II a kan dala 1,298, wato ninki shida da rabi. To me ya sa mutum zai biya wannan tulin kuɗi? Na ɗaya, kwamfutar tana rubutu, tana lissafin kanti, tana wasa. Na biyu, wanda ya ƙera ta, Steve Wozniak, ya dage sai da aka bar ramuka takwas a cikinta, inda mai ita zai ɗaga murfi ya soka sabon kati ya ƙara mata aiki. Akwatin Atari kuwa yadda ka saye shi haka zai tsufa a hannunka.

A 1981 kamfanin IBM ya shigo da tasa kwamfutar a kan dala 1,565, mai ramuka biyar. Saboda gaggawa bai tsaya ƙera komai da kansa ba, ya sayo ƙwaƙwalwar daga Intel, ya karɓo manhajar daga Microsoft, sannan ya buga littafi ya bayyana yadda cikinta yake. Nan da nan wasu kamfanoni irin su Compaq suka shiga ƙera irinta. IBM bai ji daɗi ba, amma mai saye ya ci riba, domin tun daga nan kwamfuta ta zama kamar babur ɗinka: ka shiga wajen 'yan kayan gyara ka sayo fulogi na wannan kamfani, sarƙa ta wancan, duk su zauna daram.

Su kuwa masu akwati, a 1983 kasuwarsu ta rushe a Amurka. Kowa ya shiga buga kaset, mai kyau da na banza, har kantuna suka cika suka batse, kamar dai tumatir in ya yi kwantai a tsakiyar kakarsa. Cinikin da ya kai wajen dala miliyan 3,200 a 1983 ya dawo kimanin miliyan 100 a 1985. Atari ya kwashi kaset mota mota ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tono su a 2014. A daidai lokacin kuma kamfanin Commodore ya karya farashin kwamfutarsa, wadda ta fito a 1982 a kan dala 595, har ta sauko kusa da 200 a wasu kantuna. Sai iyaye suka ce, to me za mu yi da abin wasa zalla, ga wadda yaro zai yi karatu da ita? Ka ji, irin tambayarka ce aka yi tun shekaru arba'in da suka wuce.

Wanda ya farfaɗo da akwati shi ne Nintendo na ƙasar Japan, tsohon kamfanin buga karta da aka kafa a birnin Kyoto tun 1889. Ya fito da Famicom a 1983 a kan yen 14,800, ya kai shi Amurka a 1985. Kwaikwayonsa ne ya cika kasuwanninmu a shekarun 1990, mai kaset ɗin nan da ake rubuta wasanni dubbai a jikinsa, in ka kunna ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Dabarar Nintendo, a matsayinka na ɗan kasuwa za ka gane ta da wuri. A wanda ya kai Amurka ya sa wani ɗan makulli a ciki, kaset ɗin da ba da izninsa aka buga ba ba zai yi aiki ba. Duk mai son buga wasa sai ya nemi izni ya biya. Wato a sayar maka da tocila da araha, amma batirinta sai a shagon mai ita. A kan wannan tsari duk masu akwati suke tafiya har yau. Wani lokaci ma da faɗuwa suke sayarwa. A 2006 Sony ya sayar da PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, alhali masanan da suka warware shi gunduwa gunduwa sun ƙiyasta ƙera kowane ɗaya ya haura dala 800. Ba sadaka ba ce, suna jiranka a wajen faifai.

An taɓa gwada ƙara wa akwati ƙarfi? An gwada, kuma wanda ya fi shan wuya shi ne Sega. Bayan akwatinsa Mega Drive na 1988, ya fito da wani ƙari mai faifai da ake jonawa, wanda ya shiga Amurka a 1992 a kan dala 299. A ƙarshen 1994 ya sake fito da wani ƙarin mai suna 32X a kan dala 160, ana ɗora shi a ka. 'Yan watanni kaɗan sai ga sabon akwati sukutum, Saturn, a kan dala 399. Waɗanda suka sayi 32X suka ga an bar su a rana, domin wasanni kimanin 40 kacal aka yi masa. Masu shirya wasa ba za su ɓata kuɗi a kan abin da mutane kaɗan suka mallaka ba, mutane kuma ba za su sayi abin da ba shi da wasanni ba. A taron baje koli na 1995 wakilin Sony ya hau mumbari, ya faɗi kalma ɗaya tak, 299, ya sauka. Zuwa 2001 Sega ya daina ƙera akwati ɗungurum.

Abin da aka gane daga nan shi ne, ƙarfin akwati yana cikin kasancewarsa iri ɗaya a kowane gida. Mai shirya wasa ya san abin da ke ciki, sai ya ɗinka wasan daidai da shi. Shi ya sa in ka sayi akwati a farkon fitowarsa kana da shekara shida ko bakwai ba ruwanka da sayen ƙarfe. Dubi PlayStation: 1994, 2000, 2006, 2013, 2020.

A ɓangaren kwamfuta kuwa soke-soke aka yi ta yi. A 1989 wani kamfani na Singafo ya kawo katin sauti Sound Blaster. A 1993 wasan Doom ya fito, ya sa mutane da yawa sabunta kwamfutocinsu. A 1996 aka samu katin hoto Voodoo, a 1999 Nvidia ya kawo GeForce. Shi katin hoto shi ne ke zana abin da kake gani a allo, kuma shi ne ya zama abu mafi tsada a cikin kwamfutar gem.

A nan sai mu ja kunnenka, domin abokan ɗanka za su ce kwamfuta ba ta tsufa. Tana tsufa mana. Ka sayo babban kati, ya ce akwatin wutar da ke ciki ya yi masa kaɗan. Ka sayo sabuwar ƙwaƙwalwa, ta ƙi zama a kan tsohon allon da ke riƙe da kayan ciki. Kamfanin AMD ya sha yabo don gurbin ƙwaƙwalwar da ya fito da shi a 2016 ya daɗe ana sa masa sababbi, amma a 2022 ya sauya gurbi, mai son sabon kuma sai ya sauya allo da ma'ajiyar ram gaba ɗaya. Sannan duk wannan magana ta kwamfutar girke ce, ta kan tebur. Ita laftof, galibi katin hotonta a like yake, ba ya ciruwa. Wasu sababbin ma ko ram ba a iya ƙara musu.

Inda kwamfuta ke rama kuɗinta shi ne wajen wasanni. A 2003 kamfanin Valve ya buɗe shagonsa na intanet mai suna Steam, inda akan karya farashi sosai lokaci lokaci, kuma wasan da ka saya shekara goma baya galibi yana nan yana aiki. Ba a kuma biyan kuɗin shiga don kawai ka kara da wani ta intanet. Masu akwati suna biya a yawancin wasanni: Microsoft ya fara karɓa a 2002, Sony ya wajabta a 2013, Nintendo ya bi sahu a 2018. Sabon babban wasa kuma ya tashi daga dala 60 zuwa 70 tun 2020. Amma shi ma akwati mai faifai yana da tasa fa'ida a wajenmu, domin faifai ana sayen na hannu, ana aro, ana musaya, kuma bai cika cin data kamar saukewa ba.

Wani abin dariya, tun 2013 PlayStation da Xbox duka ƙwaƙwalwar AMD suke amfani da ita, irin ta kwamfuta. Ashe dai akwatin kwamfuta ce da aka kulle. A PlayStation 5 abin da aka bar maka ka ƙara a ciki shi ne wurin ajiya kawai. In kana son ƙarin ƙarfi sai ka sayi wani akwatin, kamar PS5 Pro da ya fito a 2024 a kan dala 700, ba tare da mazubin faifai ba.

Tsohuwar al'adar nan ta farashi ya riƙa sauka ita ma ta karye. PlayStation 2 ya fito a 2000 a kan dala 299, a 2009 ya dawo 99. PlayStation 5 ya fito a 2020 a kan dala 499, a watan Agusta na 2025 aka ɗaga shi zuwa 550 a Amurka. Masu kwamfuta ma sun ji a jikinsu. A 2021, ga annobar korona, ga masu haƙar kuɗin kirifto suna wawashe katin hoto, farashi ya ninka. Babban katin Nvidia na 2022, RTX 4090, dala 1,599 ne shi kaɗai, kuɗin PlayStation 5 uku. Gaskiya akwai matsakaita, kamar RTX 4060 na 2023 a kan dala 299, amma kati ne kawai, sauran kaya na nan suna jiranka. Duk kuma kayan waje ne, in dala ta tashi sun tashi.

Sai maganar wuta, wadda Bature ba ya sa ta a lissafi amma kai dole ka sa. PlayStation 5 yana jan kimanin wat 200 in ana wasa. Wancan babban kati shi kaɗai wat 450 ne, ba a zo kan sauran ba. In sola ce da kai ko ɗan ƙaramin janareto, ka auna tun a gida.

To a namu ganin, Malam, ka fara zaunar da yaron ka tambaye shi me zai yi da abin. In ƙwallon ƙafa ne kawai irin wanda yake gani a gidajen gem na cikin gari, PlayStation 4 na hannu mai faifai ya ishe shi, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. In kuwa kana son ya koyi rubutu da lissafi, har ya riƙe maka littafin bashi da na awo, to kwamfutar girke ta hannu ta fi, bana ka saye ta, baɗi ka ƙara ram, wata kakar ka sa kati. Sai dai ka tafi da wanda ya san kanta, ya buɗe murfi a gabanka ya tabbatar akwai gurbin katin hoto, kuma akwatin wutar zai iya ɗauka, domin ƙananan nan da aka kwaso daga ofisoshin Turai da yawansu babban kati ba ya shiga. Kowanne ka zaɓa, kada ka biya sai an kunna an buga wasa kamar awa guda a shagon, ka ji ko fanka na ihu, ka taɓa ka ji zafin jikinsa.