Daga Wasaki zuwa Burtsatse: Ruwan Sha a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega a tsakiyar bazara, ya wuce Boɗinga ya gangara Shagari a lokacin da tafkuna suka ƙafe, ƙasa ta tsage, shanu suka yi cirko-cirko a bakin rijiya suna jiran wasaki ya fito, ba ya bukatar malamin da zai fassara masa darajar ruwa a wannan nahiya, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, sauran shekara kuwa sai abin da ƙasa ta ɓoye.

A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zauna bayan yaƙe-yaƙen jihadi har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga kusa da shi. Jama'ar da ta taru a kansu, almajirai da baƙi da dabbobinsu, da rijiya da tafki ta rayu, amma tana da mizanin da take auna ruwa da shi, domin babin tsarki yana cikin farkon abin da ɗalibin fiƙihun Malikiyya yake karantawa: ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita saboda najasa bai halatta a yi alwala da shi ba. Gina rijiya sadaka ce mai gudana, saboda haka kusan kowace rijiya an san mai ita, an kuma san waɗanda ke shiga su yashe ta idan ta cushe, ko su sake igiya idan ta tsinke. Illa iyaka, mizanin ido da harshe da hanci ba ya kama ƙwayar kurkunu, wadda ake sha a ruwan tafki, ta kwanta a jiki kusan shekara guda, sa'an nan ta ɓullo a ƙafar manomi daidai lokacin da gona ta fi bukatarsa.

Bayan Nasara sun ci Sakkwato a 1903, sai wajen shekarun 1930 aka shiga gina rijiyoyin siminti a lardin, masu zurfi da baki a ɗaure, waɗanda ba sa zubewa kamar na ƙasa, En'e kuma tana da hannu a kula da su. Farin 1973 ya nuna cewa wannan bai wadatar ba. Daga nan gwamnati ta karkata ga manyan madatsun ruwa a ƙarƙashin hukumar kogunan Sakkwato da Rima, aka yi Bakolori, aka yi Goronyo, daga baya ita ma Shagari ta sami tata. Sai dai ruwan madatsa na rake ne da albasa da kifi. Matar da ke ƙauyen da ke gefensa, in ba a tace shi an ja mata famfo ba, ruwan tafki take sha har yau, tafkin ne kawai ya ƙara girma.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsafta, wato an buɗe wannan zango ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, yana shugabancin ƙasa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI, zamanin rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa ya kankama. Ba za a yi wa wannan zamani butulci ba: Nijeriya ta ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, ta ga na ƙarshe a 2008, aka kuma tabbatar da kuɓutarta a 2013.

Amma masu ƙididdiga su ma da nasu mizanin, wanda ke duba yadda aka gina mashaya, ya kira burtsatse da famfo da rufaffiyar rijiya ingantattu. A kan wannan ma'auni duniya ta cika alƙawarin da ta ɗauka na rage marasa ingantaccen ruwa da rabi tun 2010, Afirka kudu da Sahara ba ta cika ba har wa'adin 2015 ya ƙare, a cikin Nijeriya kuwa birni yana gaban ƙauye, kudu maso yamma tana gaban arewa maso yamma. Abin da ya fi damuna shi ne burtsatsen da aka buɗe da kalangu, bayan shekara biyu wata 'yar roba ta lalace a cikinsa, aka rasa mai gyara, domin kowa yana cewa na gwamnati ne, alhali a takarda yana nan cikin lissafin ingantattu, yara kuma sun koma tafki da jarka. Amai da gudawar da ta ratsa jihar Sakkwato a 2021 ta sami irin waɗannan garuruwa a buɗe.

Yanzu ana ta kafa burtsatse masu aiki da hasken rana. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da uwayen ƙasa shi ne, kafin a haƙa sabo, a zaga a ƙidaya matattu, a kuma damƙa kowane burtsatse a hannun mutanen da aka san sunansu a masallacin garin.