Sammacin kuɗin ciyarwa: matsayin mutumin da ke musun cewa ɗan nasa ne

Wani lokaci ana shigar da ƙarar ciyar da yaro a inda uwar take zaune. Saboda haka ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin sakatariyar Audu Baƙo yana iya samun sammaci daga kotun Shari'ar Musulunci ta Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, idan can tsohuwar matarsa ta koma gidan iyayenta. Nisan hanya ba uzuri ba ne, haka ma faɗin cewa ɗan ba nasa ba ne. Wanda ya ƙi halarta, kotu na iya sa a kamo shi ko ta saurari mai ƙara a bayan idonsa. Idan akwai larura ta gaskiya, sai a tura lauya ko wakili ya nemi a ɗage zaman.

Tun da Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, waɗannan kotuna ke sauraron irin wannan ƙara tsakanin Musulmi, bisa mazhabar Malikiyya, da littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam. Ƙa'idar farko ita ce, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, matuƙar an haife shi bayan wata 6 ko fiye da soma zaman auren. Saki ba ya yanke wannan nan take. Malikiyya sun yarda ciki na iya kwanciya har shekara 5 a wani sanannen ƙauli, idan matar ba ta sake aure ba, kuma wannan na cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da su wajen wanke Amina Lawal a watan Satumbar 2003. Rashin kama a fuska ko a launin fata, da tsegumin unguwa, ba su da nauyi gaban alƙali.

Hanyar da ta rage wa mijin da ke kore ɗa ita ce li'ani, wanda ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nur suka shimfiɗa. Miji ya yi rantsuwa huɗu cewa gaskiya ya faɗa, a ta biyar ya kira wa kansa la'ana idan ƙarya yake. Matar ta yi huɗu tana ƙaryata shi, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah. Ana yin sa da umarnin alƙali, gaban jama'a. Idan aka kammala, aure ya haramta tsakaninsu har abada, a jingina yaron ga uwarsa, ciyarwa da gado su yanke daga ɓangaren mijin.

A nan ne maza da yawa ke faɗuwa, domin li'ani yana da lokaci. Wanda ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da kusantar matar, ya rasa damarsa. Mutumin da ya yanka ragon suna, ya karɓi barka, sannan bayan shekara uku ya tuna da shakka ranar da aka nemi kuɗin makaranta, da wuya a saurare shi, kuma daidai ne a ƙi. A kula kuma da harshe: jifan mace da zina a gaban kotu ba tare da shaidu huɗu ko li'ani ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80.

Gwajin ƙwayar halitta na DNA ba ya maye gurbin wannan tsari. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka a 2002, ta yanke cewa ba a kore nasaba da shi, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Ga waɗanda ba Musulmi ba, kamar Kiristocin yankin Doguwa da Tudun Wada, ma'aunin daban ne: sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗauki ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwarsa idan uwar ba ta sake aure ba, a matsayin na mijin, sai an kawo hujjar da ta rushe hakan.

Wanda ake ƙara ya tafi da takardar aure da ta saki, katin awon ciki ko na haihuwa idan yana da su, da shaidun ranakun tarewa da rabuwa, domin shari'ar kusan duk lissafin kwanaki ce. Ya bayyana musunsa a zaman farko, ya tabbata an rubuta. Idan nasaba ta tabbata, alƙali zai yanka ciyarwa gwargwadon ƙarfin uban: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara cikin wa'adin doka, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi kan aure, dangantakar iyali da riƙon yara.