Ciwon Hawan Tsauni: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Hau Dutse Mai Tsawo

Ciwon hawan tsauni rashin lafiya ne da ke kama mutum idan ya hau wuri mai tsawo da sauri, tun jikinsa bai saba da ƙarancin iskar da ke can ba. Yawanci yana farawa ne daga tsawon mita 2,500 daga saman teku. Sau da yawa yakan tsaya a ciwon kai da kasala, ya wuce cikin kwana biyu. Amma idan aka yi masa kunnen uwar shegu aka ci gaba da hawa, yana iya taɓa huhu ko ƙwaƙwalwa, ya kashe mutum cikin kwana ɗaya.

Idan a Gulma kake zaune, ko Argungu, ko Birnin Kebbi, kana cikin kwarin gulbin Rima ne, inda tsawon ƙasa bai kai mita 300 ba. Jikinka ya saba da wadatacciyar iska tun haihuwa. Jos tana kan kimanin mita 1,200, Gembu da ke tsaunin Mambila ta ɗara haka, kuma mai lafiya ba ya jin komai a can sai sanyi da ɗan haki. Chappal Waddi a jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wato yana dab da inda matsalar ke farawa. Addis Ababa, wadda matafiyanmu ke yawan yada zango a cikinta, tana kan kimanin mita 2,350, haka Abha a kudancin Saudiyya ta haura 2,200. Inda haɗarin yake sosai shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, da Kilimanjaro a Tanzaniya mai mita 5,895, wanda kamfanonin yawon buɗe ido ke kai ayarin mutane tare da jagora.

Me ke faruwa a jikinka?

Iskar oksijin kashi 21 cikin 100 ce ta iskar da muke shaƙa, a bakin gulbi ko a kan dutse. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar. Duk sa'ad da ka ƙara hawa, iskar na ƙara tsinkewa, sai kowane numfashi ya shigo da oksijin kaɗan. A ƙololuwar Kilimanjaro, abin da numfashi ɗaya ke kawo maka kusan rabin wanda yake kawowa ne a gida.

Jiki yana da dabarar jure wannan, sai dai dabarar na bukatar lokaci. Cikin mintoci za ka fara numfashi da sauri, zuciya ta ƙara bugu. Wannan yawan numfashi yana canza sinadarin jini ta yadda ƙwaƙwalwa ke taka wa numfashin birki. Ƙoda ce ke gyara wannan ta hanyar fitsari, kuma aikin yana ɗaukarta kwanaki. Shi ya sa yawan fitsari a kwanakin farko alama ce mai kyau. Ƙaruwar jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai an yi makonni, saboda haka ba ta da amfani sosai ga mai tafiyar mako guda.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfi ne ke kare mutum. Ba haka ba ne. Manomin shinkafa da ke wuni a fadama, da masuncin da ke ja da giwan ruwa a Matan Fada, da ɗan kokawa, duk suna iya kamuwa kamar kowa. Matasa masu ji da ƙarfi ma sun fi jefa kansu cikin haɗari, don su ne ke rige-rigen isa zango, kuma su ne ke jin kunyar cewa kansu na ciwo. Abin da ya fi ƙayyade wanda zai kamu shi ne saurin hawa, da tsawon wurin da aka kwana, da kuma ko mutum ya taɓa kamuwa a baya.

Alamomi

Mai sauƙin yana bayyana ne awa 6 zuwa 12 bayan isa sabon tsawo. Babbar alamarsa ciwon kai, tare da ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan: tashin zuciya ko amai, rashin son abinci, jiri, da mutuwar jiki. Barci ma yakan yi wuya. Wasu numfashinsu kan tsaya na 'yan daƙiƙoƙi cikin barci sannan ya dawo da ƙarfi. Wannan yana tsorata abokin kwana, amma shi kaɗai ba haɗari ba ne.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, da ya ji ciwon kai da kasala zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Zai iya yiwuwa, domin kana iya barin gida da ƙwayar cutar a jininka ta tashi a hanya. Bambancin shi ne ciwon tsauni mai sauƙi ba ya zuwa da zafin jiki da rawar ɗari. Duk da haka, ƙa'idar likitoci ita ce: wanda ya ji ba daidai ba a sama da mita 2,500, a ɗauka tsawon ne ya jawo har sai an tabbatar da wani dalili. Kada ka haɗiyi maganin maleriya ka ci gaba da hawa.

Nau'i na biyu shi ne taruwar ruwa a huhu, wanda ya fi kowanne kisa. Yakan zo a rana ta biyu zuwa ta huɗu, galibi da dare. Mutum zai fara zama na baya a ayari, yana haki fiye da kowa, da busasshen tari. Daga nan sai hakin ya ƙi tsayawa ko yana zaune, ƙirji ya riƙa ƙara kamar ana tafasa ruwa, leɓe da farce su yi duhu, wani lokaci ya tofar da kaki mai kumfa da ɗan jini. Haki a lokacin hutu shi ne abin da za ka sa wa ido.

Na uku shi ne kumburin ƙwaƙwalwa. Mutum zai riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu, magana ta rikice, hali ya canza, barci ya yi ta fizgarsa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja layi a ƙasa, a ce ya bi yana ɗora dunduniyar ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar. Idan ya kasa, a sauko da shi nan take. Mai wannan hali ba ya gane cewa ba shi da lafiya, zai ma iya yin gardama. Ba a jiran yardarsa, kuma ba a barinsa shi kaɗai a tanti wai ya huta.

Sikila da masu AS

Wannan sashe ya fi shafarmu fiye da Turawan da aka rubuta yawancin shawarwarin hawan dutse dominsu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma da yawa ba su sani ba sai an zo gwajin aure.

Ƙarancin oksijin, da sanyi, da ƙishirwa, da aikin wahala su ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila, kuma hawan dutse ya haɗa su duka huɗu. Idan kai SS ne ko SC, hawan Kilimanjaro ko Dutsen Kamaru ba naka ba ne. Ko tsawon da bai kai mita 2,000 ba yana iya tayar da ciwon, don haka hatta zama a Addis Ababa ko Abha, ko doguwar tafiya a jirgin sama, sai ka tattauna da likitanka tukuna. Iskar da ke cikin jirgi daidai take da ta tsawon mita 1,800 zuwa 2,400.

Mai AS yawanci lafiyarsa lau, kuma da yawa sun hau manyan duwatsu sun sauko ba abin da ya same su. Amma akwai matsala ɗaya da aka sani: jini na iya toshewa a saifa, wani sashenta ya mutu. Alamarta ciwo mai tsanani kwatsam a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, da amai. Jagoran da bai san kana da AS ba zai iya ɗauka ɓacin ciki ne. Ka gaya masa tun kafin a tashi, kuma idan ciwon ya zo, a sauko da kai, a ba ka oksijin da ruwa, a kai ka asibiti. Mafi yawan masu wannan matsala suna warkewa ba tare da tiyata ba.

Yadda ake hawa a hankali

Fatakenmu na da ba su yin zango biyu a rana ɗaya, kuma hikimar ɗaya ce a nan. Abin da ake lissafawa shi ne tsawon wurin da ka kwana, ba inda ka taka da rana ba. Da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu a ƙara kwana ɗaya a wuri guda.

Yanzu ka gwada wannan ƙa'ida da hanyar Marangu ta Kilimanjaro, wadda ake sayarwa da araha a kwana biyar. Daren farko a Mandara, kimanin mita 2,700. Na biyu a Horombo, kimanin 3,700. Na uku a Kibo, kimanin 4,700, sannan a tashi tsakar dare zuwa ƙololuwa. Kowace rana ninki biyu ke nan na abin da aka shawarta. Hanyar Machame ta kwana bakwai da ta Lemosho ta kwana takwas sun fi sauƙi ga jiki. A kansu akwai ranar da ake hawa Lava Tower, kimanin mita 4,600, a ci abinci, a gangaro Barranco a kwana a ƙasa da 4,000. Jiki ya ɗanɗana tsawon, ya kuma samu hutu. Ƙarin kwana yana nufin ƙarin kuɗi, kuma ga wanda ya tara kuɗinsa da naira wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganinmu, idan kuɗinka na kwana biyar ne kawai, gara ka jinkirta tafiyar. Dutsen Kamaru ma yana da irin wannan tarko: ana tashi daga Buea, kimanin mita 1,000, a kai sama cikin kwana biyu.

Dokar gandun Kilimanjaro ba ta yarda a hau ba jagora ba. Za ka ji jagororin na ta faɗin "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili, kuma gaskiyarsu ce. Kafin ka biya kowane kamfani, ka tambaye su ko suna tafiya da tukunyar oksijin, ko suna duba lafiyar kowa safe da yamma, da yadda suke sauko da wanda ya kasa tafiya. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana taimakawa, amma lambarta na sauka ga kowa a kan dutse, don haka yadda kake ji da yadda kake tafiya sun fi lambar muhimmanci.

Ka sha ruwa har fitsarinka ya zama fari-fari, ba sai ka yi ta ɗura ba. Ruwa yana maganin ƙishirwa ne, ba ya hana ciwon tsauni. Ka ci abinci ko ba ka so. Ka guji giya, da maganin barci, da tiramadol, da kodin, domin duk suna rage numfashi. Kada ka sa tafiyar cikin watan azumi. Sanyi kuma ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba: zafi na raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma a daren ƙololuwa ruwa kan daskare a gora.

Magani

Asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, yana sa ƙoda ta yi aikin nan na gyaran jini da wuri. Don rigakafi, babban mutum kan sha miligiram 125 sau biyu a rana, ya fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari, da jin tsikari a yatsu da leɓe, yana kuma ɓata ɗanɗanon lemon kwalba. Likita ne zai rubuta maka shi, musamman idan kana da sikila, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu, ko ka taɓa samun mummunar borin jiki daga magungunan salfa irin su Septrin da Fansidar. Ba ya ba ka lasisin hawa da sauri.

Idan alamomin masu sauƙi ne, ka tsaya inda kake, ka sha farasitamol, kada ka ƙara hawa sai sun tafi. Idan sun ƙi tafiya bayan kwana ɗaya, ko suna ƙaruwa, ka sauka. Mita 300 zuwa 1,000 kan isa a ga canji. Ga matsalar huhu ko ta ƙwaƙwalwa, saukowa ita ce maganin, ko da tsakar dare ne, kuma a ɗauki mara lafiyar idan da hali don kada ya wahala. Oksijin, da deksametason don ƙwaƙwalwa, da nifedifin don huhu suna sayen lokaci ne kawai a kan hanyar sauka.

Kafin ka tafi, da bayan ka dawo

Ka ga likita aƙalla wata guda kafin tafiya. A babban asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka nemi a duba jinotaif ɗinka, da yawan jininka, da hawan jini. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare a wurinmu, musamman ga mata, kuma gara a gyara shi a gida. Mai hawan jinin da ke kan magani yana iya tafiya idan awonsa ya daidaita. Mai ciwon suga ya ɓoye insulin a cikin riga don kada ya daskare. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar ɗan dako ba. Mai ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani, da mace mai juna biyu, su haƙura da manyan duwatsu.

Ciwon kai da kasala suna tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu da saukowa. Idan tari, ko haki, ko ciwon ciki ta hagu, ko zazzaɓi suka biyo ka gida, ka je asibiti ka gaya wa likita tsawon da ka hau, da kwanakin da ka yi, da magungunan da ka sha a can.